Rasuwar Rufin Ɗakin Inna Hajara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da na kasa haɗiyewa, ni Muttaka, autan Inna Hajara, nake sanar da ku, ku da kuka yi shekaru kuna shiga gaishe ta idonku a ƙasa don kada ku ga abin da ke sama, cewa rufin ɗakinta ya rasu. Ya cika ranar Talata bayan la'asar a gidanmu na Anka, ana tsaka da ruwa, bayan doguwar jinyar da ba wanda ya zo dubiya.

Marigayin soro ne na ƙasa. Mahaifinmu Malam Tsoho ne ya aza shi da azarar giginya tun kafin a haifi babbanmu. Mai haƙuri ne, mai rufin asiri. Da bazara, sa'ad da masu rufin kwano ke gudowa waje da tabarmi, shi sanyin randa yake bayarwa. An shanya barkono da kuɓewa a gadon bayansa, bai taɓa ƙorafi ba. Abin da ya nema a wurinmu kaɗan ne: kafin damina a hau a yi masa sabon yaɓe, a share indararo.

Ciwon ajalin ya kama shi shekarar da babban wanmu, Yaya Shitu, ya dawo daga Hajji. Ya ce baƙi za su zo, yaɓen laka kuma ƙauyanci ne, a shafe soron da siminti a huta. Aka shafe. Rana ta tsaga simintin, ruwa ya bi tsagar ya shige, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana cin azara. Daga waje sumul. Tun ranar ba wanda ya sake jingina tsani, wai ai an gama.

Marigayin bai ɓoye ciwonsa ba. Ya fara da "ɗis, ɗis" a cikin langar da Inna ta tara masa. Daga baya azara ta koma "ƙyas, ƙyas" ko iska ba ta motsa ba. Na ɗaga maganar a taron Sallah, Kawu Isa ya ce, "Yaro, boko ya yi maka yawa. Soron ga ya girme ka." Sauran kuka ce Allah shi kyauta, kuka ci gaba da cin nama. Kalmarsa ta ƙarshe "rim" ce. Inna tana madafa tana kwashe tuwo. Tuwon nan ne ya sa yau ta'aziyyar rufi muke yi, ba ta Inna ba.

Ya rasu ya bar bango huɗu kai ba hula suna shan ruwa, da indararo maraya, da langar da ta yi jinyarsa. Ya bar Inna, wadda yanzu take kwana a zaure da tari. Yayarmu Barakatu ta zo ɗaukarta zuwa Gummi, Inna ta ce, "Ba ni zuwa ko'ina. Nan Malam ya bar ni."

Filibus kafinta ya zo ya auna. Soro ba zai dawo ba, don giginyar da za a tsaga azara an sare ta tuni. Sai kwano: bandir uku, katako, ƙusa, bulon ɗaure kan bango, da silin, don tsohuwa ba ta iya zafin kwano tsura. Da kuɗin aiki, naira dubu saba'in da 'yan kai. Yaɓen da aka raina kuwa abin da yake ci ƙasar da jaki zai ɗauko ce da tuwon gayya. Filibus ya ƙara da cewa in bangon ya sha ruwan Agusta a haka, lissafin gini za a yi, ba na rufi ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Za a kwashe marigayin a kwanduna a kai shi makwancinsa a ramin bayan gida. Babu zaman makoki, ba za a shimfiɗa tabarma ba, kada kowa ya kawo goro. Mai aiko gaisuwa ta bakin direba ya riƙe abarsa. Duk wanda ya sha nonon Inna ko ya ci tuwonta, daga Gummi yake ko Bukkuyum, ya zo da shebur da rabonsa na kuɗin a hannu. Yaya Shitu, bandir na farko naka ne. Ka zo da shi a kan mota.