Rasuwar Magogin Malam Maniru na Bodinga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma sallamawa ga abin da babu makawa a kansa, gidan Malam Maniru, tsohon malamin sakandare da ke zaune a Bodinga, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar magoginsa na fensir, wanda 'yan makaranta ke kira kilina. Marigayin ya cika ranar Laraba da hantsi, a kan tabarmar zaure, tsakanin yatsun ubangidansa, bayan jinya mai tsanani. Ba za mu ce Allah ya jiƙan roba ba, kada malamai su yi mana ca. Amma duk mai shirin dariya ya dakata ya ji ƙarshen zance, don sabo ake yi wa kuka.

Marigayin ɗan tagwaye ne. Asalinsu magogi guda ne, fari tas, wanda Malam Abdulaziz, aminin Malam Maniru, ya sayo a Sakkwato lokacin da su biyun suke koyarwa a makaranta ɗaya a nan Bodinga. Ranar da takardar canjin wurin aiki ta zo, aka ɗauke Malam Abdulaziz zuwa Shagari, sai ya zaro reza ya tsaga shi biyu, ya miƙa wa amininsa rabi ya ce, "Riƙe wanga, kai za ka hi ni buƙatarshi." Malam Maniru ya ce za a gani. Wannan zolaya ita ce ta riƙe su har suka yi ritaya, har furfura ta rufe su.

Ga wanda bai san aikin marigayin ba, ga shi a taƙaice. Akwai wani wasan lambobi da ake kira sudoku. Ana zana gidaje a takarda, layi tara a tsaye, tara a kwance, a raba su akwati-akwati. Mai ɗaura wasan ya zuba wasu lambobi, ya bar sauran gidajen wayam, mai warwarewa ya cike su daga ɗaya zuwa tara, ba tare da lamba ta maimaita kanta a layi ko a akwati ba. Babu cinke, babu sa'a, sai hujja. Da fari a bayan jarida suke tsintarsa, daga baya Malam Abdulaziz, da yake malamin lissafi ne, ya ce na jarida wasan yara ne, ya shiga ɗaura nasa. Yakan zana da rula a bayan tsohuwar takardar jarrabawa, ya ba direban motar da ke ratsa Shagari zuwa Sakkwato ya ajiye wa mai shayin bakin titi a Bodinga. 'Ya'yansu sun yi ta fama da su cewa akwai wasan nan a waya. Ina! Suka ce wasan da zai gaya maka ka yi kuskure tun kafin ka gane da kanka, ai raini ne.

Dokokinsu biyu ne, kuma sun fi ƙarfe. Lambobin mai ɗaurawa da biro ake rubuta su, na mai warwarewa da fensir. Sannan ba a zancen takarda, ko a waya ko ido da ido, sai an gama ta. Neman agaji kuwa, Malam Maniru gara ya fita kasuwa babu hula.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaide shi da rufin asiri. Bai taɓa barin baƙin tabo a takarda ba, ba kamar magogan yanzu ba da ke shafe kuskure ɗaya su haifi dauɗa goma. Bai taɓa yi wa kowa gori ba. Mutum ya sa bakwai inda ya kamata ya sa huɗu, shi dai ya zo ya ɗauke, ya tafi da zancen cikinsa. Ba shi da surutu. Iyakarsa shaka-shaka-shaka a hankali, sai Malam ya bi bayansa da fuu, ya hure ɓurɓushin. Malama Atika, uwargidan Malam, ta sha share wannan ɓurɓushi daga tabarma tana mita, yau kuwa ita ce ta tattara na ƙarshe a tafin hannunta.

Ya yi tsawon rai da ba a saba gani ba a danginsa, kuma dalili a fili yake: ubangidansa ba mai yawan kuskure ba ne. Gaskiya dai Malam yana da ɗan alfahari a nan. Idan baƙo ya zo, sai ya zaro marigayin daga aljihun gaba ya ɗaga shi sama, ya ce a kimanta shekarunsa. Amma ba alfahari kaɗai ba ne, akwai tsoro a ƙarƙashi. Mahaifin Malam, can Horo Birni, gigin tsufa ne ya cinye shi tun yana da sauran ƙarfi. Mutumin da ya san kowace tunkiya a garkensa da fuska, sai ga shi yana tambayar ɗan cikinsa, "Yaro, ɗan wa na kai?" Tun daga ranar Malam Maniru ya sa wa ransa cewa abin yana nan tafe gare shi. Kowace takarda da ya warware, shaida ce cewa kansa yana nan daram. Girman magogin nan shi ne awonsa, kamar yadda wasu ke zuwa asibiti a auna musu jini.

Jinyar ta faro ne da wata takarda da ta iso farkon damina. Ba ta da wata alama. Rula ta miƙe, rubutun na Malam Abdulaziz ne, bakwai ɗinsa mai ɗamara a tsakiya yadda ya saba. Malam ya zauna bayan ya karya kumallo, ya fiƙe fensir, ya kama aiki. Yana kaiwa wajen rabi sai ya ci karo da gidan da babu lambar da za ta shige shi. Ya ce to, ɗan Adam ajizi ne, ya goge ya sake. Ya sake cin karo. Washegari ya ɓullo ta wata kusurwa, ya zo ya tarar da wannan gida dai yana nan ya buɗe baki.

Kwanaki suka zama makonni. Marigayin da a da sai ya yi wata bai taɓa takarda ba, ya koma aiki daga hantsi har la'asar. Kafaɗunsa suka zube, ya rame, ya yi baƙi. Shaka-shakar nan tasa mai natsuwa ta koma ƙiiƙ-ƙiiƙ, kukan wanda ake cuta. Shi ma ubangidan ramewa yake. Ya daina zama majalisa. Ya shiga gwada kansa a ɓoye: ya jero sunayen jikokinsa, ya jero ƙauyukan da ke kan hanyar Kajiji. Ranar da ya nemi tabarau ya rasa, alhali yana bisa goshinsa, sai da ya nemi dakali ya zauna. Wallahi tsoro ya ji, irin wanda bai ji ba tun rasuwar tsohonsa.

Malama Atika ta gaji da gani. Ta ce, "Malam, wanga abu hwa ba farilla ba na. Ka aje shi ka ci tuwo. In ya hi ƙarhinka ka kira mai shi mana."

Ya ce, "In kira shi in ce mi? In ce mishi kaina ya hwara tahiya?"

Ta ƙyale shi, don ita ma ta yi jinyar surukinta, ta san abin da ake magana a kai.

Akwai abin da ya kamata Malam ya lura da shi, bai lura ba. A al'ada, takarda ta wuce mako a hannunsa, Malam Abdulaziz zai bugo waya, ba zai ambaci wasan ba, sai dai ya tambayi lafiyar magogi yana ƙunshe dariya. Wannan karon ko fulashin babu. Ruwa ba ya tsami banza, amma wanda ke sauraron bugun zuciyarsa ina zai ji shirun wani? Malam ma hamdala ya yi da ba a kira ba.

Ranar Larabar da abin ya faru, marigayin bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Malam ya ce yau ko ni ko ita, zai share duk wani zanen fensir ya faro daga tushe. Ya bi gida-gida yana gogewa, takardar da ta riga ta yi laushi ta huje a tsakiya. Yana kaiwa gidan ƙarshe marigayin ya yi wani ɗan ƙiƙ, ya marmashe. Shi ke nan. Malam ya hure, ya zauna yana kallon takarda fara fat, babu komai a kanta sai lambobin biro.

A nan ya gani. Shida a can sama, shida a can ƙasa, layi ɗaya, duka da biro.

An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shi Malam nasa tudun ya yi ta haƙa har ya kashe magogi, bai ɗaga kai sau ɗaya ba. Idonsa ya bi ta kan shidan nan ya fi a ƙirga, amma tun da suke, biron Abdulaziz bai taɓa kuskure ba, saboda haka bai taɓa duba shi da idon tuhuma ba. Wasan tun daga ɗaurinsa ba shi da mafita. Malam ya ɗaga hannu ya ce, "Alhamdu lillahi, ba ni ba na!" Bai rufe baki ba abin ya faɗo masa. In ba shi ba ne, to wane ne? Wannan hamdalar har yau tana ci masa rai.

Bai jira azahar ba ya tari motar Shagari. A ƙofar gida ya tarar da Nafisa, babbar 'yar Malam Abdulaziz, wadda ya san tana aure a Kajiji. Ta durƙusa ta gaishe shi, idonta ya ciko. Ta ce, "Baba, mun so mu gaya maka, shi yah hana. Ran nan daga masallaci yat taso, sai bakin tasha anka tsince shi shina tambayar hanyar gida. Mun kai shi ga likita Sakkwato, za mu koma. Wagga takarda kuwa kwana da kwanaki yay yi kanta, shina cewa kada a bar Maniru babu aiki."

Malam Abdulaziz yana zaure, fes da shi cikin farar riga. Ya gane amininsa, ya rungume shi, ya tambayi Atika da yara. Sannan ya ce, "Ya jikin tsoho can Horo Birni?" Shi da ya ɗauki makarar tsohon nan da kafaɗarsa. Malam Maniru ya ce alhamdu lillahi. Can kuma Malam Abdulaziz ya karya dokar da shi ya kafa ta, ya ce, "Ka ƙare wadda na aiko ma?"

Takardar tana aljihun Malam Maniru, da shidanta biyu. Ya dafe aljihun ya ce, "Ta hi ƙarhina, Malam. Wanga karo ka ci ni."

Kai, zo ka ga murna! Malam Abdulaziz ya tafa, ya yi dariya har da hawaye, ya ƙwala wa Nafisa kira ta zo ta ji, yau Maniru ya sallama. Malam Maniru ya taya shi dariyar iyakar iyawarsa, sannan ya nemi buta ya zaga baya, ya daɗe bai fito ba.

Marigayin ya rasu ya bar fensir guda, wanda ya gajarce har sai an tallafe shi da murfin biro, da reza mai tsatsa a gefe ɗaya, da tarin takardun da aka warware a cikin tsohon kwalin takalmi. Ya bar Malama Atika, wadda yanzu take sharar zaure ba ta samun abin mita. Ya kuma bar ɗan'uwansa na tagwaye a Shagari, cikin ƙoshin lafiya, kusan yadda reza ta bar shi. Yana aljihun maigidansa, wanda kan zaro shi lokaci-lokaci ya jujjuya, ya tambayi na kusa ko wani yaro ne ya yar.

Game da jana'iza, an naɗe abin da ya rage na marigayin a cikin takardar da ta yi ajalinsa, za a binne su tare a gindin darbejiyar bayan gida a Bodinga ranar Juma'a da safe, don kada wani mai kaifin ido ya tsinci takardar ya kai zance Shagari. Ana roƙon masu zumunci kada kowa ya kawo sabon magogi. Malam ya ce duk abin da amininsa zai rubuta daga yau, babu mai goge shi.

Zaman makoki ba a Bodinga za a yi ba. Za a yi shi a zauren Malam Abdulaziz da ke Shagari, kowace Asabar bayan la'asar, kuma ba a sa ranar tashi ba. Malam Maniru zai kasance a wurin da fensirinsa. Wanda ya zo, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa tun daga bakin ƙofa, kuma kada ya ji haushi idan an sake tambayarsa. Idan maigidan ya miƙo masa takarda mai gidaje, ya karɓa da hannu biyu, ya ce ta yi wuya.