Yadda Na Raba Surukina Gida Huɗu

A shagonmu na rubuta manhaja a Kazaure, ni na kafa dokar: duk jerin kalmomi a rubuta shi ba waƙafi, a bar fili kawai, kwamfuta ta ɗauki kowace kalma da zaman kanta. Wanda ya saɓa, in mayar masa da aikinsa ina hura hanci.

Da matata ta haihu, abokiyar aikina Rabi ta shirya manhajar buga katin suna. Na leƙa, na ga waƙafi birjik tsakanin sunayen baƙi.

"Oga, bar wannan yadda yake," in ji ta.

Na ce doka ba ta san angon ƙarni ba. Na share su tas, na buga, na ba ɗan acaɓa ya kai Roni, garin surukaina, ko dubawa ban yi ba.

Ranar suna surukina, Alhaji Bawa Mai Gyada, ya zaro kati huɗu daga aljihu: na Alhaji, na Bawa, na Mai, na Gyada.

"Duk mun zo," ya ce, ya karɓi jikarsa yana murmushi.

Yarinyar tana firamare yanzu. Har yau in na durƙusa gaishe shi, sai ya dafa kafaɗata: "Wanne ka zo gani, ɗana? Gyada dai ya tafi gona."