Babu Shara a Gidan Malam Haladu

Ku da kuke ta tambaya me ya hana Malam Haladu fitowa majalisa kwana biyun nan, ku gyara zama. Katangarmu ɗaya da shi, kuma a kan idona aka yi komai.

Tun da bawan Allahn nan ya yi ritaya daga koyarwa ya rasa yaran da zai sa wa ido, sai ya ɗaura yaƙi da shara. Maganarsa ɗaya ce, har akuyarsa ta haddace ta: "Babu shara a duniya, sai dai abin da ba a gane amfaninsa ba tukuna." Leda ba ta ƙetare zaurensa. In zai sayi nama da kwanonsa yake zuwa, mai tsire ma sai da ya haƙura ya riƙa zuba masa a langa. Ɓawon doya na akuya ne, kashin akuya na zogale ne, zogale na tukunya ne. Tsohon silifa ya zama mariƙin ƙofar bayi. Ruwan alwala kuwa a roba ake tare shi a kai gindin lemo, don ya kafa doka ko ɗigo kada ya taɓa ƙasa a banza.

Inda abin ya fi ƙamari shi ne wajen mazubi. A gidan nan, duk abin da ka ga an rubuta a jikin gwangwani, to wallahi ba shi ne a ciki ba. Gwangwanin madara daddawa ce. Robar bota kuka ce. Ni da kaina na taɓa zuba cokalin kanwa a shayi ina zaton sukari ne. Matarsa, Hajiya Ladidi, ta yi magana har bakinta ya gaji, ta ce a riƙa manna wa kowane alama. Ya ce manna takarda ɓarnar takarda ce, mai gida ai ya san gidansa. Ta ce to, Allah ya ba da sa'a, ta ci gaba da bin doka sau da ƙafa.

Ana nan sai Mai unguwa Jibo ya sanar zai naɗa Sarkin Tsafta na unguwa. Kuɗi babu a ciki, rawani ne kawai da gaisuwa, amma Malam Haladu ya sa abin a ransa ƙwarai. Ya gaya mini da bakinsa cewa tun da ya bar aji babu wanda ya sake miƙewa tsaye don ya shigo, kuma abin yana damunsa. Abokin takararsa shi ne Alhaji Barau mai shagon taya, wanda tsaftarsa duka ita ce ya tara leda a ƙofar gida ya cinna mata wuta, mu kwana muna tari. Kowa ya san rawanin nan na Haladu ne. Har ya sa an wanke masa babbar riga.

Mai unguwa ya ce sai ya shiga gidan kowa ya gani da idonsa, ya ja ni a matsayin shaida. Ranar Litinin ce, ina azumi. Ku riƙe wannan, don shi ya cece ni.

Muka yi sallama muka shiga. Gida fes, ko tsinke babu. Malam Haladu yana gaba yana jawabi kamar ya samu 'yan aji. Ga ramin taki, ga buhunan siminti da aka shuka tumatir a ciki, ga tsintsiyar da ta ƙare aka mai da ita abin goge tukunya. Mai unguwa sai gyaɗa kai yake yana cewa madalla. Hajiya ta gaishe mu daga ƙofar madafa ta koma kan girkinta.

Mun juyo za mu fita ke nan, sai idon Mai unguwa ya faɗa kan wata farar jarka a inuwar rumfa, da rubutun Larabci a jikinta. Ya ja ya tsaya.

"Malam Haladu, wannan ba Zamzam nake gani ba?"

Haladu ya ɗaga jarkar ya girgiza, ya ji ruwa ya amsa. Fuskarsa ta washe. Tsarabar Hajiya ce tun shekarar da ɗansu ya biya mata kujera, shi a zatonsa tana nan yadda aka kawo ta.

"Shi ne, ranka ya daɗe. Ka ga amfanin tattali ke nan. Wani gidan da tuni an shanye."

"To a ɗan sam mini mana. Gwiwar nan ta hana ni sakat, ga ido ya fara hazo."

Nan da nan aka ɗauko ɗan kofin nan mai ruwan gwal da alhazai ke rabawa. Mai unguwa ya gyara tsayuwa ya fuskanci alƙibla, ya yi bismilla, ya kurɓa a hankali yana lumshe ido. Ya yi addu'a mai tsawo, muna amin. Ya nemi ƙari, ya shafa a ido, ya ɗage riga ya shafa a gwiwa, sauran ya shanye.

"Allahu akbar," in ji shi. "Wanda ya taɓa sha a can ba a yi masa ƙarya. Ka ji ɗan gishiri-gishirin nan? Shi ne shaidar na asali. Na kasuwa ba ya yin haka."

Aka miƙo mini kofi, na ce ina azumi. Har Mai unguwa yana tausaya mini, wai na yi asara.

Daidai nan Hajiya Ladidi ta fito da murfin tukunya a hannu, tana waige-waige.

"Malam, wa ya ɗauke mini jarkar lemo? Yanzu na ajiye ta a nan."

Haladu ya dubi jarkar da ke hannunsa, ya dubi matarsa.

"Hajiya, wace jarkar lemo kuma? Wannan ai Zamzam ɗinki ne."

"Zamzam ɗin da ya ƙare tun haihuwar jikarmu Ummi? Masu naƙuda sun shanye shi tas. Kai ka ce kada mazubi ya zauna babu komai a gidan nan."

"To me ke ciki?"

"Ruwan alwalarka. Akuya ce ke kifar da robar, shi ya sa nake juyewa a nan."

Mai unguwa ya dubi kofin da ke hannunsa. Ya tambaya da wata 'yar siririyar murya wadda ban san yana da ita ba:

"Hajiya, na wanke hannu da fuska kawai, ko?"

"A'a, ranka ya daɗe, ai Malam ba ya rage alwala. Da kurkurar baki, da shaƙa hanci, har ƙafa." Sai ta lura da kofin da ke hannunsa, ta dafe ƙirji. Amma da yake Hajiya ba ta iya barin magana ta faɗi ƙasa, ta ƙara da cewa, "Kada ka damu, shi ma dai ruwan ibada ne."

Ni dai na juya ina kallon zogale, kafaɗuna suna rawa, ina roƙon Allah kada dariya ta karya mini azumi. Mai unguwa ya kumbura kumatu ya fara neman inda zai tofar. To a nan ne Malam Haladu ya ƙarasa kashe kansa. Maimakon ya faɗi ƙasa ya ba da haƙuri, hali ya riga hankali fita. Ya kamo hannun rigar Mai unguwa yana ja.

"Ranka ya daɗe, in zubarwa za ka yi, daure ka ƙarasa gindin lemo."

Ban san dattijo mai ciwon gwiwa yana da sauri haka ba. Kafin in ɗauko takalmina ya kai bakin titi. Ko ba komai gwiwar ta samu sauƙi.

Ranar Juma'a bayan an sauko, aka taru a ƙofar gidan Mai unguwa, aka naɗa wa Alhaji Barau rawani, hayaƙin ledarsa na safe ko gama washewa bai yi ba. Malam Haladu yana tsaye cikin babbar rigarsa wankakkiya, abin tausayi. Wallahi na ji masa ciwo, don duk shirmensa ya fi kowa cancanta. Ya daure, ya daure, ya kasa. Ya ratsa jama'a ya durƙusa.

"Allah ya ja zamaninka, a gaban mutane zan faɗa. Unguwar nan kaf babu wanda ya yaƙi shara kamata. Yau a ɗauki rawani a ba mai ƙona leda, ni a yar da ni?"

Mai unguwa ya dube shi, ya yi gyaran murya, irin wadda ya riƙa yi tun ranar Litinin.

"Haba Malam Haladu, wa ya isa ya yar da kai? Ajiye ka muka yi, sai mun gane amfaninka."