Malam Kwafi Uku da Fom ɗin Makarantar Mishan

In ana lissafin mutanen da suke riƙe da duniya don kada ta kife, kada a manta da babban akawun ofishin rajista, wanda muke kira Malam Kwafi Uku. Shekara ashirin da biyu yana bayan tebur ɗaya, kuma takarda ba ta taɓa barin hannunsa ba sai ya yi mata kwafi uku: ɗaya na fayil, ɗaya na durowa, ɗaya kuma ko da na durowar zai ɓata. Biro uku ne a aljihun rigarsa, shuɗi da baƙi da ja. Jan shi ne ɗan lelensa. Mu da muke cin abinci da wannan sana'a mun san girman irin wannan bawan Allah. Sauran jama'a ne dai har yau ba su farga ba.

Autarsa ta gama firamare. Shekara biyu ke nan, duk sanda ta bi ta gaban makarantar mishan sai ta rage tafiya, tana leƙen laburarensu ta tsakanin shinge. Makarantar mai zaman kanta ce, kuma ba ta wasa da tsari. An manna sanarwa a ƙofa: duk yaron da fom ɗinsa bai iso ba kafin ƙarfe goma sha biyun ranar Juma'ar ƙarshen wata, ba zai zauna jarrabawar shiga ba sai baɗi.

Malam da kansa ya je ya karɓo fom. Ya juya shi gaba, ya juya shi baya, ya ɗaga shi ya haska da rana. Shafi ɗaya tak. Sunan yaro, shekarunsa, makarantar da ya gama, hoto biyu, wasiƙar fasto, sai sa hannun uba ko mai riƙo.

"Maman Auta, zo ki ga abin tausayi," ya ce wa matarsa. "Mutanen kirki ne, masu tsoron Allah, amma ba su san aiki ba. Rayuwar ɗan Adam sukutum a shafi ɗaya! Bari in nuna musu yadda ake neman shiga makaranta."

"Baban Auta, ka cike musu abin da suka tambaya mana, mu kai gobe."

"Gobe? Ke kin ɗauka cefane ne?"

Ya sayo koren bango mai igiya, ya buɗe fayil. Takardar haihuwa ta shiga, da katin rigakafi, da takardar baftisma, da sakamakon jarrabawa tun daga aji ɗaya. Ya ƙara da tsawon yarinya da nauyinta na kowace shekara, don dama yana da su a rubuce. Daga nan ya yi wani tunani mai zurfi: ai makaranta za ta so ta san tushen da yarinya ta fito. Sai ya saka takardun yabo biyu da aka taɓa ba shi a ofis, da hoton ranar da wani babban darakta ya kawo ziyara, inda ake ganin kunnen Malam da rabin kafaɗarsa a gefen hagu. Ya tsara jerin abin da ke ciki ya ɗora a gaba. Jerin ya ture lambobin shafuka, ya zauna ya sake bin su ɗaya bayan ɗaya. Shafi arba'in da bakwai cif.

Fasto, mutum mai sauƙin kai, ya rubuto wasiƙa layi uku: ya san yarinyar, tana zuwa sujada, tana cikin mawaƙa, yana ba da shaidarta. Malam ya karanta, ya zaro jan biro. Babu lambar wasiƙa. Babu kan magana. Ya ja layi, ya zagaye, ya adana wannan a durowar gida, ya roƙi fasto ya sake wata. Ta biyun ta zo, amma hatimin bai hau kan sa hannu daidai ba. Da ya koma neman ta uku, aka ce fasto ya tafi taro, sai Asabar.

Ranar Alhamis da yamma Auta ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen siket.

"Baba, gobe ne fa."

Malam ya yi murmushin manya, ya cire tabarau.

"Zo ki zauna, Auta, in koya miki abin da ba a koyarwa a aji. Ranar rufewa ba rana ba ce, tsoratarwa ce. Ni nake rubuta irin wannan sanarwa, na san cikinta. In muka ce Juma'a, Litinin muke nufi. In mutum ya zo da ladabi, har Laraba. Hatimin kwanan wata yana da ɗan ƙarfe a gefe, ana murza shi baya. Can akawu ne, nan akawu ne. Za mu fahimci juna."

Yarinya ta tashi idonta cike da ƙwalla. Malam ya ɗauka zurfin bayanin ne ya ratsa ta.

Ranar Litinin ya sa kwat, ya rungumi fayil kamar jariri, ya nufi makaranta. Ofishin ɗan ƙarami ne: tebur ɗaya, gicciye a bango, benci ɗaya da iyaye biyu a kai. Akawun wata dattijuwa ce mai tabarau rataye da zare. Malam ya gabatar da kansa da muƙami da shekarun aiki, ya ajiye fayil da hannu biyu, ya fara bayani daga shafi na farko.

"Sannu da ƙoƙari, Malam," ta ce. "An rufe tun Juma'a."

Ya yi dariya irin ta 'yan gida ɗaya, ya sunkuyo, ya rage murya.

"Na sani, 'yar'uwa. Ni ma sana'ar ke nan. Ɗan murza shi baya kwana uku kawai."

Ta dubi hatimi, ta dube shi. Ita ba ta rage murya ba.

"Wato in buga Juma'a alhali yau Litinin? Shekara talatin ina kan kujerar nan, wannan abin gaba kawai yake tafiya."

Iyayen da ke kan benci suka gyara zama. Gumi ya tsattsafo wa Malam ta ƙarƙashin kwat. Bai taɓa lura ba cewa daga wannan ɓangaren tebur ya fi faɗi. Ya tuna Auta a jikin shinge, ya tuna cewa baɗi shekara guda ce cur, kuma shi zai koma gida ya faɗa mata da bakinsa. Muryar da take sa masinjoji rawar jiki ta koma siririya.

"Mama, ki taimaka. Yarinyar ba ta da laifi."

"Na ga alama. Faɗa mini sunanta, in ajiye ta a jerin baɗi."

Ya faɗa. Ta tsaya da biro a sama, ta jawo rajista, ta bi da yatsa.

"Ai wannan tana ciki. Juma'a, sha ɗaya da rabi. Ita da mahaifiyarta suka zo suna haki, suka karɓi sabon fom suka cike a kan bencin nan."

Ta zaro takardar. Shafi ɗaya, da rubutun Auta, layin ya ɗan karkace. A bayansa an maƙala wasiƙar fasto ta farko, jan biro ko'ina.

"Mun yi ta mamakin wanda ya yi wa fasto maki," in ji dattijuwa.

Malam ya sauke ajiyar zuciya har sai da igiyar fayil ta motsa. Amma akawu akawu ne, idonsa ya gangara ƙasan shafi. A wurin sa hannun uba ko mai riƙo akwai wani zane kamar kaza ta taka tawada.

"Wannan fa?"

"Kawunta ne, ƙanen matarka, direban tasin da ya kawo su. An ce uban ba ya kusa, aiki ya sha masa kai."

Mutumin da ko rasiɗin mai bai taɓa ajiyewa ba! Malam ya miƙe tsaye, martabarsa ta fara dawowa, ya zaro jan biro.

"Dole a gyara. Ni ne uba. Shaida tana shafi na uku, da na tara, da na ashirin da ɗaya."

"Ba na musu, Malam. Gyara ma yana da fom ɗinsa, shafi ɗaya."

"Madalla. Ba ni."

"Shi ma an rufe tun Juma'a."

Auta ta zauna jarrabawa, ta ci, ta shiga. Malam Kwafi Uku kuwa, har zuwa baɗi, babu shi a rubuce. Duk takardar da makaranta ta aiko wa uban yarinya, tashar tasi ake kaiwa.