Sarkin Hasken Jibiya da Hoton Inna Hajo

Kullum da asuba, ana sallame salla, kafin mu 'yan dako mu gama naɗa gammo, za ka tarar da Malam Maharazu a saman tarin buhunan gyaɗa na bakin shingen iyaka. Ya fuskanci gabas, ya kanne ido ɗaya, ya miƙa babban yatsa yana auna rana. Sai ya gama awonsa ya jinjina kai, sannan rana take samun izinin fitowa a Jibiya. Mu kuwa da muke jira ya sauko mu ɗauki buhunan, sai mu tsaya muna gode wa Allah da ya ba ƙaramin gari irin namu babban mutum irin wannan. Katsina tana da makarantu, Maraɗi tana da kantunan Faransawa, mu muna da Maharazu.

Asalinsa ɗan kasuwar yadi ne, ɗa kuma jika. A wannan fanni ban taɓa jin an kushe shi ba. Ya san turmi, ya san kamu, hannunsa ba ya ƙarya a kan yadin akoko. Ɗaukakar ta zo masa ne shekarar da wani Bature, akawun masu sayen gyaɗa a Maraɗi, zai koma gida ya yi gwanjon kayansa. Masu ƙaramin hankali suka sayi gado da buta da dutsen guga. Maharazu ya dawo da akwatin ɗaukar hoto, da sandar nan mai ƙafa uku da ake ɗora shi a kai, da wani abu mai kama da agogo da ake ratayawa a wuya don auna haske. Allurar abin ta daina motsi tun kafin Baturen ya hau jirgi. Maharazu ya ce wannan shaida ce cewa hasken Jibiya tsayayye ne, ba irin na ƙasar Turai mai rawar kai ba.

Tun daga ranar ya bar wa ƙanensa rumfar yadi, ya naɗa kansa Sarkin Haske. Mu a tasha Kar-a-motsa muke ce masa, don ita ce sallamarsa, ita ce gaisuwarsa. Ya faɗa wa jakai, ya faɗa wa 'yan duwan, wato ma'aikatan kwastan na tsallake, ya taɓa faɗa wa masu ɗauke da gawa.

Ni kaina na samu rabona. Wata rana na ɗauko buhu zan kai mota, sai na ji tsawa daga baya. Na tsaya da buhu a ka. Ya kafa ƙafa uku, ya leƙa, ya koma baya, ya leƙa, ya duba agogon wuyansa, ya jiƙa yatsa da miyau ya ɗaga don ya san inda iska take. Wuyana yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa, shi kuwa yana yi wa jama'a karatu.

"Ku jama'a, hoto ba wasan yara ba ne. Akwai ido, akwai ƙyafta, akwai nisa. Wanga akwati da kuke gani, a Paris kanta manya kaɗai ke taɓa shi. Wanga ɗan dako, yau na fid da shi daga sahun talakawa na sa shi cikin tarihi."

Na gode masa. Ranar sai da aka gasa mini wuya da tsumma mai zafi. Tarihi nauyi gare shi.

Da motar majigi ta zo gari ta nuna yadda ake shanya gyaɗa da yadda ake gina masai, kowa allon yake kallo, Maharazu yana manne da mai injin. Ya ce tambayoyi gare shi. Tambayar Maharazu kuwa irin wadda ba ta bukatar amsa ce. "Ashe ba ka ganin injin nan naka ya faye gudu? Ashe da ni ne ba daga hagu zan ɗauko manomin nan ba? Ko kun taɓa tunanin neman shawarata?" Bawan Allah ya ce masa ya ɗan matsa, inuwar hularsa tana kan allo. Washegari gari ya ji cewa mutanen majigi sun roƙe shi ya bi su Kaduna ya ƙi, don ba zai bar mahaifarsa cikin duhu ba. Ya kuma yi alkawarin majigin Jibiya, wanda za a ga raƙuma suna ƙetare iyaka har a ji ƙamshinsu.

Abu guda ne kawai ya rage wa wannan ɗaukaka: ba wanda ya taɓa ganin hoto ko ɗaya. Duk fim ɗin da ya ɗauka sai ya naɗe ya jefa a wani akwatin ƙarfe ya sa kwaɗo. Ya ce masu wanke hoto na Katsina da Kano yara ne, hannunsu bai kai ya taɓa aikinsa ba, sai akwatin ya cika zai aika Ingila gaba ɗaya. Jama'a suka ce haka ne, babban kaya sai babbar mota. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa.

To, a bakin shingen nan akwai Inna Hajo mai tuwo. Duk direba da ɗan dako da ke bin hanyar Maraɗi ya ci daga muciyarta. Ta tsufa a gindin murhu da buri ɗaya, ta ga ɗakin Allah kafin ƙafafunta su ƙi ta. A shekarar nan, ƙarshen cinikin gyaɗa, ta samu wuri a motar alhazai masu bi ta ƙasa, ita da ƙanenta Bawa. Ayarin zai taru a Kano ya kama hanyar gabas. Abin da ya rage mata takardar tafiya, takardar kuwa ba a bayarwa sai da hoton fuska. Bawa ya riga ya je Katsina ya yi nasa. Inna Hajo ta ɗaura niyyar bin motar Kalilu direba ita ma ta yi nata ta dawo.

Labari ya kai kunnen Sarkin Haske. Ya zo har gindin murhu, agogo na lilo a ƙirji.

"Inna, mi na yi miki? Ki ɗauki fuskarki ki kai wa baƙo a Katsina, ina raye? Mi za a ce a Maraɗi? Ƙurar hanya kaɗai ta isa ta ɓata miki kama. Hoton da zan yi miki, in jami'in Makka ya gani sai ya miƙe tsaye."

Inna Hajo ta ce ita dai fuska ake so, ba tsayuwar kowa ba. Amma mata suka sa baki, suka ce ga na gida, ga wahalar mota, ga tuwo ba mai tuƙawa. Ta haƙura.

Ranar ɗaukar hoto kamar ranar suna. Ya zaunar da ita a kan turmi tsakiyar rana. Ya ce mayafin ya yi duhu, aka aro wani. Ya ce bayanta ya yi fili, aka jawo raƙumin wani Buzu aka tsayar. Raƙumi ya kai baki zai ci mayafin, aka kore shi. Ya ce ta ɗaga haɓa, ta sauke haɓa, ta tuna Arfa amma kada ta yi kuka. Tuwo ya kama a tukunya, ƙaurinsa ya tsallaka iyaka ba takarda, har wani ɗan duwan ya leƙo yana tambaya ko gobara ce. Can da zufa ta gama wanke tsohuwa, sai muka ji ƙyas. Maharazu ya share goshi kamar wanda ya fito daga rijiya, aka yi ta yi masa sannu.

Ingila ta yi nisa, don haka ya yi tawali'u ya ba Kalilu fim ɗin ya kai wa mai hoton Katsina, tare da saƙon cewa ya wanke hannu kafin ya taɓa. Motar Kalilu kuwa irin wadda ke tafiya da addu'a ce. Ta karye a hanya, ta yi jinya. Inna Hajo ta yi bankwana da dangi, ta raba tukwanenta, ta ɗaure kaya, kullum idonta a kan hanyar Katsina. Sai ranar kasuwa, ana gobe motar alhazai za ta tashi, Kalilu ya iso.

Maharazu bai yarda a ba shi saƙon a keɓe ba. Ya hau benci a tsakiyar kasuwa, ya sa aka kira Inna Hajo, ya jira jama'a suka taru. Ya yi bisimilla ya zaro.

Takarda fara sol. Ba ido, ba hanci, ba mayafi. Bangon da aka shafa wa farar ƙasa ya fi ta kama da mutum.

Da wani ƙaramin mutum ne, da nan ya nemi ƙasa ta tsage. Maharazu ya juya takardar, ya duba bayanta, ya ɗaga ta sama, sai ya ce, "Allahu akbar! Jama'a ku shaida. Hasken imanin baiwar Allah wagga ya fi ƙarfin injin Nasara. Inna, aikin hajjinki karɓaɓɓe ne tun ba ki tafi ba."

Wasu tsofaffi har sun fara cewa amin. Sai Kalilu ya yi gyaran murya. Shi ba ruwansa, saƙo aka ba shi. Ya ce mai hoton ya ce a tambayi mai fim ɗin, ko ya taɓa warware shi a fili kafin ya sa a akwati? Don abin ba ya shiri da haske ko na ƙiftawar ido. In rana ta gan shi kafin ya ga fuska, ya mutu ke nan.

Nan ne jinin kakannin Maharazu ya motsa.

"Ko na warware? Ka ji tambayar jahili! Ni Maharazu, jikan masu yadi, in sayi kaya a naɗe in sa a akwati ban gani ba? Ubana bai taɓa karɓar turmi bai warware ya kai kamu ba. Duk fim ɗin da na saya a kantin Maraɗi, a ƙofar kantin nake warware shi, in auna da hannuna, in ɗaga a rana in duba ko da huji ko cin gara, sannan in naɗe abina. Ba Bafaranshen da ya taɓa cuta ta ko da faɗin yatsa!"

Don kada a ce faɗa ce kawai, ya zaro sabon fim daga aljihu, ya ɓare, ya warware shi tsakiyar rana, ya kama kai da yatsa ya ja zuwa gwiwar hannu, ya sake, ya sake, kamar mai yanka wa amarya zane. Ya ɗaga wa jama'a gaba da baya. "Cif! Inna, koma kan turmi. Da wanga za mu sake, ni da kaina zan kai."

Ban san hoto ba, har yau ban sani ba. Amma na ga baƙin wuyana da na 'yan duwan da na rabin Jibiya kwance cikin akwatin ƙarfen nan, kowa fari sol, muna jiran jirgin Ingila. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Inna Hajo ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Muciyarta kaɗai ce ba ta bayar ba cikin kayan girki, tana hannunta. Ta tako har gaban benci.

"Maharazu, sauko."

"Inna, ai fasaha..."

"Ni na yanke maka cibi, uwarka na kwance tana nishi. Sauko, na ce."

Ya sauko.

"Bawa zai bi motar gobe da kayana. Ni Katsina za ni yanzu, in yi hoto, in karɓi takarda, in bi su Kano. Kai ka tare ni, kai za ka kai ni. Bakin nan naka da ba ya gajiya, can ofis za ka kai shi ya yi aiki. In ayarin nan ya tafi ya bar ni, Allah shi ne shaida, a ƙofar gidanka zan kafa murhu, kowa ya zo cin tuwo in nuna mishi wagga takarda."

Sarkin Haske ya dubi jama'a, ya dubi muciya. Ya ce dama yana da niyyar zuwa Katsina ya duba aikin yaron nan mai hoto, ya gyara masa hannu.

Mu muka yi wa Kalilu lodi da yammacin nan. Ni na ɗaga tsohuwa na ɗora ta saman buhuna, ba ta kai nauyin rabin buhu ba. Daga baya Kalilu ya gaya mini mai hoton Katsina ya zaunar da ita jikin bango, kafin ta gama gyara mayafi an gama. Ta samu takarda da ƙyar, ta cim ma ayarin a Kano ana ɗaure igiyar kaya. Ni ma makon nan na bi gyaɗa zuwa Kano neman aiki, ban sake zama a Jibiya ba.

Ganina na ƙarshe da Malam Maharazu shi ne lokacin da motar ta tashi. Yana tsugune a kan buhu bayan Inna Hajo, ƙullin guzurinta a cinyarsa, butarta rataye a hannunsa. Rana ta karkata tana dukan fuskar tsohuwa, ta waiga ta ce masa wani abu. Ya kanne ido ɗaya, ya duba inda ranar take, ya buɗe laima ya kare ta daidai. A duk shekarun da ya yi yana auna hasken Jibiya, wannan ne awon da na ga ya amfani wani.