Ranar da Na Zaɓi Larabci

Shekara shida ni ke gyara wa kowa kwamfuta a gidanmu na haya a Nima, ko laƙabi ban samu ba. Fuseini, sabon maƙwabcinmu, waya biyu kacal ya gyara aka fara kiransa Injiniya. Abin ya tsaya mini a rai.

Ranar da aka turo wa Hajiya Memuna, mai gidan, bizar Umararta a PDF, kwamfutarta ta ƙi buɗe takardar. "A kira mini Injiniya," in ji ta. Kafin ta rufe baki na zauna a gaban na'urar.

Na sauke manhajar buɗe takardu, ta ce in zaɓi harshe. Na ga matan gida sun kewaye ni, ga Fuseini a bakin ƙofa, sai na danna Larabci. Ai takardar Makka ce, kuma na yi makarantar allo.

Komai ya koma daga dama zuwa hagu, babu wasali ko ɗaya. Na yi bisimilla, na danna wata kalma da ta yi mini kama da addu'a. Biza ta ɓace.

Hajiya ta dafe ƙirji. "Ɗana, ina Makkata?"

Fuseini ya ce, "Yaya, ɗan matsa." Cikin minti guda ya dawo da ita. Da Hajiya ta dawo, shi ta kawo wa dabino.

Har yau in na je sayen shinkafa da wake, sai mai abincin ta ɗaga ludayi ta ce, "Ustaz, da Larabci zan zuba?"