Cokalin da Surukina Ya Riƙe

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da yake na so in manta, da ranar da na ɗaure idona a gaban 'yan aji huɗu a wata firamare a Gummi. Lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, sabon aure, ga tsoron kuskure. Ko gaisuwa sai na auna ta kafin in yi.

Ni na kawo shawarar a riƙa koyar da kimiyya malamai biyu a aji ɗaya, yara kuma a kasa su rukuni-rukuni. Hedimasta ya ce in gwada sau ɗaya yana kallo, in ba ta yi ba a bar maganar. Na zaɓi darasin ɗanɗano. Kowane rukuni zai kawo abu daga gida, a ɗaure mini ido, abokina Malam Garba ya ba ni a cokali, in faɗi abin da harshena ya ji.

Garba ya ja ni gefe. "Don Allah yau ka bar wataƙila da mai yiwuwa. Yara wasa suke so. Saki jikinka!"

(Ya kamata in faɗa cewa mahaifin matata, daɗaɗɗen malami ne a makarantar. Tun da aka ɗaura aure ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. In na hango shi a baranda, ta bayan aji nake bi.)

Aka fara. Gishiri, na faɗa. Tsamiya, na yamutsa fuska, yara suka fashe da dariya. Dariyar nan ta shiga kaina, don ba a taɓa yi mini ita da daɗi ba. Abin da ban sani ba, an aiko kiran Garba daga gida, ya miƙa cokalin ga malamin da ke tsaye bakin ƙofa. Shi kuma kunya ta hana shi magana.

Cokali na gaba miyar kuka ce mai sanyi. Na lashe, na tanɗe baki, na ce, "Garba, wannan ai ba ɗanɗano ba ne, horo ne. Sak miyar gidan surukaina, ruwa da daddawa!"

Babu wanda ya yi dariya. Can wata yarinya ta fara kuka. Muryar Hadiza ce, ƙanwar matata.

"Inna ce ta dafa," in ji ta.

Sai muryar surukina a hankali, dab da kunnena: "Ka ƙare, Malam? Hannuna ya gaji."

Ban kwance ƙyallen ba. Ina ganin na fi son duhun. Hedimasta ne ya zo ya kwance mini, ya ce a koma yadda aka saba.

Koyarwar haɗin gwiwa ta mutu a makarantar ranar, kuma ina zaton yaran ne suka yi asara, domin har zuwa cokalin nan darasin yana tafiya. Surukina bai taɓa ta da zancen ba har ya rasu. Sai dai kwanon miyar da Inna ke aiko mana duk Juma'a bai sake zuwa ba. Matata takan leƙa ƙofa da azahar, ta dawo ta ɗora tukunya.

Tun daga nan na koma wa wataƙilata. Kuma in za a rufe mini ido, sai na fara rufe bakina.